Yaran da Suke Shigowa Birni Su Kaɗai: Wa Ya Taɓa Tambayarsu?

Jawabin da wakiliyar ɓangaren 'yan kasuwa ta gabatar a taron cikar ƙungiyarmu shekara goma



Hajiya Shugaba, iyayenmu mata da suka kafa wannan ƙungiya, malamanmu na ajin yaƙi da jahilci, mazajenmu da suka daure suka zo, 'ya'yanmu da ke can baya, da sauran 'yan'uwa, barkanmu da ganin wannan rana. Shekara goma ba kwana goma ba ce. Ma'aji ta riga ta karanta mana lissafi, mun ji abin da aka zuba, mun ji abin da aka ranta, mun kuma ji abin da ya dawo. Allah ya ƙara albarka.

Da aka ce mu 'yan kasuwa mu yi magana, sai muka zauna muka yi shawara a kan abin da za mu kawo wanda ba ya cikin littafin ma'aji. Muka tsaya a kan magana ɗaya, wato yaran nan da suke shigowa Kano su kaɗai, ba uwa ba uba. A yi mana haƙuri in karatun ya riƙa tafiya sannu a hankali, da girmanmu muka koye shi. Amma da hannunmu muka rubuta takardar nan.

Mun zaɓi wannan magana ne don mu ne muke fara ganinsu. Mai fita da sassafe ta sari kayan miya a Yankaba ta san motocin da ke shigowa ta hanyar Haɗeja. Wadda ke zuwa Dawanau sarin gero da wake ta san na hanyar Katsina. A Ƙofar Ruwa da Unguwa Uku kullum sai mota ta sauke yaro ko yarinya da ƙullin kaya a leda, suna ta waige-waige. Kafin hukuma ta san sun shigo, mu mun riga mun sayar musu da ƙosai.

Ba iri ɗaya ba ne su. Akwai samari ƙanana 'yan ci-rani, da an gama girbi sai su taho, su kama dako, ko turin baro, ko sayar da ruwan leda, ko wankin takalmi, in damina ta kawo kai su koma gona. Akwai 'yan mata 'yan aikatau, waɗanda dillaliya ke ɗebowa daga ƙauyukan Jigawa da Katsina da Kano, wasu ma daga Nijar, wajen Damagaram da Magarya da Matamaye, ta rarraba su gidaje su yi wanke-wanke da shara da raino. Akwai almajirai da aka kawo karatu. Akwai kuma waɗanda gudu ne ya kawo su. Wani 'yan bindiga ne suka tashi garinsu a Zamfara ko Katsina. Wani ruwa ne ya ci gonarsu, kamar yadda ambaliyar 2022 ta yi wa Jigawa. Wata uwarta ce aurenta ya mutu, zama da kishiyar uwa ya gagara. Wata kuma aure aka ce za a yi mata da wanda ba ta so.

To, in ana hirar yaran nan a rumfa, magana biyu ake ji. Wannan ta ce, "Allah sarki, abin tausayi, iyayensu ba su da imani." Waccan ta ce, "Ke dai kula da jakarki, ɓarayi ne." Mai tausayin da mai zargin duk sun haɗu a wuri ɗaya, ba wadda ta kira yaron ta ce, me ya fito da kai, me kake nema, yaushe kake son komawa?

Mu da muka zauna da su a bakin tebur muka tambaya, abin da muka ji ya fi ƙarfin waɗannan maganganu biyu. Yarinya mai shekara goma sha biyar za ta ce miki ita ta nemi a taho da ita. Ta ga ƙawarta ta dawo da sallah da atamfa da takalmi da 'yar waya. Ta san babanta ba zai iya yi mata kayan ɗaki ba, ta kuma san irin gorin da ake yi wa amaryar da aka kai ɗaki ba gado ba kwanuka. Sai ta yi lissafinta, ta ce in ta yi shekara biyu za ta haɗa katifa da kwanuka da 'yan tukwane. Yaro mai turin baro zai ce miki tunkiya yake son saya ya bar wa mahaifiyarsa ta yi kiwo, ko kuma jari yake tarawa ya fara sayar da goro. Wannan ai lissafi ne irin wanda mu ma muka yi kafin mu shiga adashe. Ci-rani kuwa ba yau aka fara shi a ƙasar Hausa ba, kakanninmu sun yi shi, a cikin ɗakin nan ma akwai waɗanda ƙafarsu ce ta kawo su Kano suna 'yan mata, yau ga su da rumfa da jikoki.

Saboda haka magana ta farko da muke so a riƙe ita ce, yaron da ya taso shi kaɗai mutum ne mai tunani da buri. In za a taimake shi, a fara jin bakinsa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Amma fa kada a ɗauka muna cewa a sakar musu hanya. Yarinya ta iya yanke shawarar tahowa, wannan daban, iya kare kanta bayan ta iso kuma daban. Ga abin da ba ta sani ba lokacin da take hawa mota. Ba ta san cinikin da aka yi a kanta ba, don tsakanin dillaliya da uwar ɗaki aka yi shi. A ce an daidaita a kan Naira 10,000 a wata. A shekara Naira 120,000 ke nan. Kuɗin nan hannun dillaliya yake shiga, ta cire kuɗin mota, ta cire la'adarta, ta ce an sai sabulu an sai magani, abin da ya rage ta kai ƙauye in ta ga dama. Yarinyar da ta yi aikin ba ta ga ko sisi ba, ba ta kuma da takardar da za ta nuna. Wani gidan kuma sai lokacin biya ya matso a ce an nemi ɗan kunne an rasa, a kore ta da sunan sata, albashin ya bi ruwa. Akwai kuma abin da ba a son faɗa a taro, amma dole a faɗa: yarinyar da ke kwana a kicin ko a falo, ba ƙofa ba sakata, a gidan da akwai samari da magidanci. In abu ya faru ita ake kora, ita ke komawa ƙauye da abin kunya. Ba ta san sunan unguwar da take ba, ba ta iya karanta allon kan titi ba, lambar wayar gidansu ma tana hannun dillaliya. Ta ina za ta fara?

Sannan akwai maganar shekaru. 'Yar shekara goma sha shida da ta ce ita ta zaɓa, za mu yarda da ita. 'Yar shekara takwas fa? Wannan ba ta zaɓi komai ba, ɗaukarta aka yi. Ita kanta raino take buƙata, sai ga ta da goyon ɗan wata a baya.

In ana son a ga inda damƙa yara a hannun masu tafiya yake kaiwa in ya yi nisa, a dubi abin da ya samu maƙwabtanmu na Nijar. Daga yankin Kance da ke jihar Damagaram, mata da yara sun daɗe suna ratsa Sahara zuwa Aljeriya neman abin kai wa baka, har da bara. A watan Oktoba na 2013 motocin wasu matafiya suka lalace a arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, ƙishirwa ta kashe su. Gawa 92 aka tsinta, 52 daga ciki yara ne, 33 mata, 7 maza. Gwamnatin Nijar ta yi makokin kwana uku. Hausawa ne 'yan'uwanmu, talaucin da ya tashe su shi ne yake tashin yaran da muke gani a tasha. Tamu hanyar dai ta fi tasu gajarta.

Wata za ta ce, to ai magani shi ne a tattara su a mayar da su gidan iyayensu. Wani lokaci hakan ne daidai, musamman ga ƙanana. Amma mun ga yadda abin yake in aka yi shi ba tambaya. A 2020, lokacin cutar korona, gwamnonin Arewa suka riƙa loda almajirai a motoci ana mayar da kowa jiharsa. Kowa a nan shaida ne, ba a jima ba tituna suka sake cika, don abin da ya fito da su yana nan inda suka bar shi. Yarinyar da ta gudo wa auren dole, in kika sa ta a mota kika mayar ba tare da an zauna da iyayenta da dagacinsu ba, kin kai ta ne inda ta gudo, kuma karo na biyu in za ta gudu ba za ta tsaya inda za a gan ta ba. Yaron da garinsu ya zama kufai, gidan wa za ki mayar da shi? Shi ya sa muka ce tambaya ce farko.

Wannan tambaya kuma haƙƙinsu ce, a rubuce take. Amfanin karatun da muka yi ke nan, yanzu in an ce doka ta ce, muna iya cewa a nuna mana. A 1989 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar haƙƙin yara, Nijar ta shiga a 1990, Nijeriya ta shiga a 1991. Sashe na 12 na yarjejeniyar yana magana ne a kan a saurari ra'ayin yaro a duk abin da ya shafe shi, a ba shi nauyi gwargwadon shekarunsa da hankalinsa. A 2003 Nijeriya ta yi dokar haƙƙin yara ta tarayya, Kano ma ta samu tata dokar kare yara a 2023. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce shekara tara na farko, firamare shida da ƙaramar sakandare uku, kyauta ne kuma dole ne ga kowane yaro. Ba ta ce ban da 'yar aiki ba, ba ta ce ban da ɗan dako ba.

Ga kuma wadda ta fi shafar gidajenmu, a buɗe kunne. Dokar hana fataucin mutane ta 2015 ta haramta ɗaukar yaron da bai kai shekara 12 ba aikin gida. Wanda ya kawo shi, da wanda ya karɓa, da wanda ya ajiye shi, duk sun shiga ciki, hukuncin kuma ɗauri ne daga wata 6 zuwa shekara 7. Hukumar NAPTIP, wadda aka kafa a 2003, ita ke kula da wannan, tana kuma da ofishi a nan Kano. Da yawa ba su san da wannan ba, suna ganin taimako suke yi. To yau dai an ji.

Tun kafin dokar gwamnati ma, malamanmu na Islamiyya sun karantar da mu labarin Anas ɗan Malik, wanda ya yi wa Manzon Allah (SAW) hidima shekara goma tun yana yaro, bai taɓa jin tsawa ko zagi daga gare shi ba. Duk mai yaro ko yarinya a ƙarƙashinta, ga ma'auni nan.

Yanzu bari mu zo kan abin da ya fi wuya. Maganar nan ba ta wasu can ba ce, tamu ce. 'Yar kasuwa tana fita tun da asuba ta dawo da magariba, dole tana buƙatar mai kama mata aikin gida, ba kuma laifi ba ne. A cikin ƙungiyar nan akwai masu 'yan aiki, akwai masu yaran dako da suka saba da su, akwai waɗanda dangi ke aiko musu yara daga ƙauye a riƙe, akwai ma waɗanda 'ya'yan 'yan'uwansu ke aikatau a Abuja da Legas. Ta ko'ina aka juya, muna ciki. Mun san abin da za a ce. Za a ce, "In na sa ta a makaranta wa zai yi min aikin?" Za a ce, "Ai ci da sha da nake ba ta ya fi na gidansu." Za a ce, "Tsadar nan da ake ciki tun da aka cire tallafin mai a 2023, da me za a ji?" Duk mun ji, mu ma a kasuwar muke. Amma a duba wannan: 'yarki ta tafi makaranta da safe da kayan da wata yarinya sa'arta ta wanke ta goge. Bayan shekara biyar taki tana rubuta jarrabawa, waccan ko sunanta ba ta iya rubutawa ba. Mu da muka zauna a benci muna koyon a, ba, ca, da, da furfura ta fara fito mana, mun san abin da rashin karatu ya ci mana. Mun san yadda ake dangwala yatsa a takardar da ba a san abin da ke ciki ba. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.

Don haka ba kuka muka kawo ba, shawara muka kawo. Abu bakwai ne, muna roƙon a sa su a ajandar taron wata mai zuwa a yi musu ƙuri'a.

Na ɗaya, kada 'yar ƙungiya ta karɓi yarinya ko yaron da bai kai shekara 12 ba da sunan aiki. In riƙo ne na zumunci, to riƙo ne, a sa shi makaranta tare da 'ya'yan gida.

Na biyu, sakatariya ta buɗe littafi. Duk mai 'yar aiki ta kawo sunanta, da garinsu, da sunan iyayenta, da lambar da za a same su, da abin da aka daidaita a kai. A karanta wa yarinyar a gabanta, a tambaye ta ko ta yarda. Ita ma a rubuta mata lambar gidansu da sunan unguwar da take zaune, ta riƙe a wurinta.

Na uku, kuɗin aiki na mai aiki ne. Dillaliya ta karɓi la'adarta sau ɗaya a fili, shi ke nan. Albashi kuwa a raba yadda yarinyar da iyayenta suka amince, kason gida a tura gida kai tsaye, kasonta a zuba mata a asusun ƙungiya da sunanta, da ɗan katinta kamar yadda kowaccenmu take da shi. Ranar da za ta tafi a ƙirga mata a hannu gaban shaidu biyu. Mu da muka riƙe amanar juna shekara goma, riƙe wannan ba zai gagare mu ba.

Na huɗu, awa biyu a rana na karatu. Wadda shekarunta suka dace da makarantar gwamnati a kai ta. Wadda ta wuce, ga ajinmu na yamma. Mun yi magana da malamarmu, ta ce in an kawo su za ta karɓa. Hukumar ilimin manya ta jihar nan tun 1980 aka kafa ta, zamanin Gwamna Abubakar Rimi, don irinmu da irinsu.

Na biyar, wurin kwana mai ƙofa da sakata, ko tare da 'yan matan gida. Waya da gida sau ɗaya a mako. In ba ta da lafiya a kai ta asibiti, kada a cire a albashinta. In ta ce ta gaji tana son komawa, a sallame ta da haƙƙinta, a haɗa ta da wanda aka sani ya kai ta.

Na shida, a zaɓi dattawa uku daga cikinmu da yaro ko yarinya za su iya kai wa kuka, ko da a kan 'yar ƙungiya ne. In zargin sata ya taso, su za su fara saurara, kuma a ji ɓangare biyu kafin a taɓa albashi. In abin ya kai duka mai rauni ko lalata, ba maganar rufa-rufa, a kai ga mai unguwa da hukuma. Su kuma yaran dako da baro, a yi ciniki da su kafin su ɗauki kaya, a biya su nan take, kada a ɗora wa ƙaramin yaro buhun da babba ke nishi a ƙarƙashinsa. Wanda ke son a ajiye masa kuɗi a ajiye masa a rubuce, don da yawansu a tasha ko a bakin shago suke kwana, ana yashe su.

Na bakwai, mu waiwayi inda suke fitowa. Kusan kowaccenmu tana da ƙauye. In uwa tana da jarin ƙuli-ƙuli ko na daddawa ko 'yar akuya biyu, da wuya ta miƙa 'yar shekara tara ga dillaliya. Muna ba da shawarar a ware wani kaso na ribar bana a fara ba da ƙaramin rance ga mata a ƙauye ɗaya ko biyu da muke da 'yan'uwa masu tsaya musu, da sharaɗin 'ya'yansu ƙanana su zauna a makaranta. Ma'aji ta fi mu sanin abin da asusu zai iya ɗauka, ita za ta faɗa mana.

Mun san ba kowa ce za ta ji daɗin wannan ba. Wata za ta ga an shiga mata gida, wata za ta ce dillaliya za ta daina kawo mata yara. Ai gara a faɗa a taro a yi gardama a kai, a gyara abin da ke buƙatar gyara. Lokacin da aka kawo maganar rubuta zubi a kati ma sai da aka yi wata uku ana ja-in-ja, yau ba wadda za ta yarda ta zuba ba a rubuta ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, in mu duka muka tsaya a kan ƙa'ida ɗaya, dillaliya ce za ta bi tamu.

Ku kuma mazajenmu, gidajen nan naku ne, samarin da ke ciki 'ya'yanku ne. Ku ja musu kunne, ku ma ku zama iyaye ga duk yarinyar da ke ƙarƙashin rufinku. 'Ya'yanmu da ke saurare, wadda ke wanke muku kwano tana da suna, ku kira ta da shi, in kun dawo daga makaranta ku nuna mata abin da aka koya muku.

Kafin taron wata mai zuwa, abu ɗaya muke roƙo. Duk mai yaro ko yarinya a hannunta, ta samu lokaci ta zaunar da su ta tambaya: me ya kawo ka, me kake tarawa, me kake so ka zama? Abin da kuka ji ku zo mana da shi, da shi za mu gyara shawarwarin nan bakwai kafin a yi ƙuri'a.

 Allah ya jiƙan 'yan ƙungiya da suka riga mu gidan gaskiya, ya shirya mana zuri'a, ya tsare 'ya'yan mutane da ke hannunmu da namu da ke hannun mutane. Allah ya maimaita mana.